Rasuwar Dogo, Ƙwan Lantarkin Ɗakin Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushi kuma wanda ya fi baƙin cikin yawa, ni Tukur direban tifa, mazaunin Talata Mafara, a madadin kaina da mai ɗakina Taiba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Mafara da Bakura da ƙasar Maradun rasuwar farin dogon ƙwan lantarkin nan na ɗakin mahaifiyata, wanda unguwa ta sani da suna Dogo. Ya cika ranar Lahadin da ta gabata, tsakanin magariba da lisha, yana rataye inda ya saba, bayan doguwar rashin lafiya wadda mu muka sha wahalarta. Masu niyyar zuwa yi mini gaisuwa su sani tun daga gida cewa ba kewarsa nake yi ba. Abin da ke cina shi ne ya riga ni, ya mutu don kansa kafin in kai hannu gare shi.

An hore mu da faɗin alherin mamaci, don haka zan kwatanta, ko da yake ba zan daɗe a nan ba. Marigayi fari ne tas, miƙaƙƙe, tsawonsa kamar taɓarya. Ranar da aka fara kunna shi matan unguwa sun shigo kallo, har wata ta yar da allura a ƙasa da gangan, ta duƙa ta tsince ta, aka yi ta salati. Alherinsa ke nan. Na binciki zuciyata da kyau, ban samo na biyu ba.

Asalinsa kuwa, babu wanda ya san garinsu. Akwai wani rubutu a gindinsa wanda har yau ba a sami mai karanta mana shi ba. Waliyyinsa shi ne Balarabe mai haɗa waya, mai rumfa a bakin tasha, wanda ya kawo shi gidana a naɗe cikin kwali, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko jinjiri. Balarabe ya ce haskensa da rana ba su da maraba. Ya ce ba ya zafi, ba ya shan wuta, ba ya gajiya. Ya rantse mini cewa a ƙarƙashinsa zan aurar da jikokina. Na rubuta wannan ne don in Balarabe ya manta, jama'a su tuna masa.

Dole in faɗi dalilin da ya sa na shigo da marigayi gidana, in ba haka ba mai karatu zai ɗauka tsohon direba ne ke hauka a kan kwalba. Ni ɗan fari ne. Tun daga yaye aka miƙa ni ga kakata, a wurinta na tashi. Inna Hindu, wadda ta haife ni, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta duban idona, in ma tana son wani abu daga gare ni sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ni kuma in ji. Ba ƙorafi nake ba, haka muka tarar da duniya, kowane ɗan fari a ƙasarmu ya san wannan kunyar. Amma wanda bai sha ba ya yi shiru. Ina da furfura a gemu ban taɓa kwana gida ɗaya da uwata ba.

Sai aka toshe gulbi a Bakolori, ruwa ya hau ƙauyenmu na ƙasar Maradun, ya cinye gidaje da gonaki har da kushewar mahaifinmu. Dangi suka watse. Ƙanena Jatau, autan Inna kuma ɗan lelenta, ya sami gona a wurin surukansa a Garbadu. Ni kuwa ina Mafara ina jan tifa a aikin dam ɗin da ya kore mu. Kowa ya san Jatau Inna za ta bi. To Allah ya sa bai gama rufin ɗaki ba, sai aka ce ta sauka wurina kafin a ga yadda za a yi. Ranar da na ga ta ajiye ƙunshinta a tsakar gidana, na ƙudurta a raina cewa wannan "kafin" ɗin ba zai ƙare ba. Na yi wa ɗakin sabon yaɓe, na sa ƙyaure, na sayi tabarma. Sannan na kira Balarabe.

Abin da Inna ta fito da shi daga ruwa bai taka kara ya karya ba, amma akwai buhu guda da ba ta bari kowa ya ɗaukar mata ba. Auduga ce, tsinkar ƙarshe daga gonar mahaifinmu. Kamar yadda tsofaffin matan wajenmu ke yi, da hannunta take son ta kaɗa zaren likkafaninta, masaƙi ya saƙa, ta ninke ta ajiye. Ta sha faɗa wa Taiba cewa ba ta son a naɗe ta da farin ƙyallen kasuwa wanda ba ta san wanda ya taɓa shi ba. Kuma kaɗi a wurinta aikin bayan magariba ne, tun tana budurwa haka ta saba, da rana akwai jikoki da surfe da tsintar wake. Idonta ya fara rauni, 'yar fitilarta ta man gyaɗa kuma ta tafi cikin kayan Jatau. Sai na ce zan kawo mata hasken da babu irinsa a Garbadu, ta gama zarenta a gidana, ta zauna. Aikin da aka ɗauki marigayi ya yi ke nan, shi kaɗai.

Yanzu sai halayensa, waɗanda za mu daɗe muna tunawa.

Marigayi mai girman kai ne. Ƙaramin ƙwan nan mai jan haske da ke zaure, da ka taɓa makunni ya amsa. Dogo kuwa sai ya yi shawara. Za ka ji "tik," sai shiru. "Tik, tik," ya ƙifta sau ɗaya ya duba ko su wane ne a ɗakin. "Tirrr, tik." In ya ga dama ya kama, in bai ga dama ba ya bar ka tsaye da hannu a bango kamar mai rantsuwa. A nan sai a jawo turmi, in hau, in murɗa ɗan abin nan da ke gefensa da ake kira sitata, wanda shi ne mai tashinsa daga barci. In murɗa dama, in murɗa hagu. In shafa bayansa da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan, don Balarabe ya ce yana son shafa. Ni da nake juya motar da ke ɗaukar dutse, ga ni a kan turmi ina lallashin kwalba a gaban 'ya'yana.

Yana da ƙa'ida kuma, wadda duk gidan muka bi kamar farilla. Masu wuta da la'asar suke kawo ta, a lokacin tana da ƙarfi. Da magariba ta yi, gari duk ya kunna, sai ta yi sanyi, ƙaramin ƙwai ma ya koma kamar garwashi. Dogo ba ya tashi da wuta mai sanyi. In ya kama tun la'asar, to zai lallaɓa ya ci gaba. In aka kuskura aka kashe shi, sai gobe. Saboda haka makunnin ɗakin Inna a kunne yake dare da rana, kuma na kafa doka cewa duk yaron da ya taɓa shi, jikinsa zai gaya masa. Haka muka zauna, fitila na ci rana na sama, maƙwabta na wucewa suna cewa Tukur ya yi arziki har ya rasa yadda zai yi da shi.

In ya kama ɗin ma ba a huta ba. Akwai wani baƙin ƙarfe mai nauyi a bayansa da ake ce wa cok, wanda ba ya rufe baki: "zuuu," daga la'asar har a ɗauke wuta. Rediyona in na kawo ta kusa sai ta kama tari. Haskensa kuma ba ya ƙaunar kowa. Tuwon dawa a ƙarƙashinsa shuɗi-shuɗi yake komawa, miyar kuka ta zama abin da ba zan faɗa ba, fuskar mai lafiya ta yi kamar ya tashi daga zazzaɓi. Ƙwarin Mafara kaf sun san adireshinsa. Da damina sai mun rufe kwanon abinci da faifai muna ci ta ƙasa.

Ya kuma kasance mai cin 'yan'uwansa. Sitata nawa ya binne, ban riƙe lissafi ba. Duk wanda aka saka masa sai ya shanye shi ya nemi wani. Kowace tafiya rumfar Balarabe kuwa akwai sabon mai laifi: yau waya ce, gobe masu wuta, jibi bangona ne ke da danshi, wata rana ma ya ce hannuna ne ya cika nauyi. Ban taɓa jin ya ce laifin Dogo ne ba.

Duk wannan da na yafe. Wallahi da na yafe, har in sa a yi masa addu'a. Abin da ya yi wa Inna ne ba zan yafe ba.

Da farko tana zama bayan magariba ta jawo taskirarta, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Ni ina tsakar gida ina satar kallo ta ƙofa, raina fari. Sai Taiba ta fara lura cewa zaren na yawan tsinkewa, abin da ba a san Inna da shi ba, matar da a ƙauyenmu masaƙa ke rububin zarenta. Tana murzawa sai ta tsaya ta ƙura wa mazarin ido, ta ƙara murzawa da ƙarfi, zaren ya ƙudundune ya tsinke. Ta ɗaura, ya sake tsinkewa. Daga nan zaman ya fara gajarta. Taiba ta tambaye ta, ta ce ba komai. Ta rage cin abinci. Ta kira Taiba ta ba ta kwallarta da 'yan tasoshinta, ta ce ba ta da sauran amfani da su. Ta fara aikawa a kira mata tsofaffin da muka yi ƙaura tare, tana neman gafararsu ɗaya bayan ɗaya. Na kai ta asibiti, aka duba aka ce ba a ga komai ba sai shekaru.

Na zauna na yi tunani irin na ɗa, na ce hasken ne bai isa ba, rufin ya yi nisa da tabarma. Na kira Balarabe, ya ƙara waya, muka sauko da marigayi har ya zo daidai kan mai zaune, yana lilo a saman taskirarta. Balarabe ya ce yanzu ko kwarkwata ce ta gifta sai ta gan ta. Tun daga ranar Inna ba ta sake taɓa mazari ba. Ta tura taskirar bayan randa, ta rufe buhun auduga da tsohon zane. Da magariba sai ta juya wa ɗakin baya ta fuskanci bango da carbinta. Damina guda cur ta wuce a haka, ina kallon uwata tana ƙarewa a ɗakin da na gyara mata, ba ni da bakin tambaya, ita ba ta da bakin faɗa mini.

A cikin wannan daminar ce ciwon ajalin marigayi ya bayyana. Kawunansa biyu suka yi baƙi. Ƙiftawar da a da yake yi kafin ya kama, yanzu ta zama sana'arsa, yana ci yana ƙiftawa. Wani lokaci hasken ya riƙa birgima a cikinsa daga wannan gefe zuwa wancan. Wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya ya bar ja-ja a kawunan, sai ka fara hamdala, sai kuma "tik, tirrr," ya dawo. Mun yi masa duk abin da ake yi wa majiyyaci. An sauya sitata, an goge shi da tsumma, an juya shi kai ya koma ƙafa. Balarabe ya zo dubiya ya ce sauƙi na nan tafe.

Ranar Lahadi Jatau ya zo daga Garbadu da sabuwar gyaɗa, ya ce rufin ɗaki ya kammala tun tuni, ya zo dai gaida Inna. Ina wurin aiki, Taiba na bayan gida tana wanki. Ya shiga ɗakin da la'asar ya ga fitila na ci ga rana a waje. Jatau manomi ne, a gidansa ko ashana ba a ƙyastawa sai duhu ya hana ganin hannu. Ya nemi inda ake hura ta bai gani ba, ya bi waya da ido har bango, ya danna. Babu wanda ya lura sai da na dawo daga masallaci na tarar da ɗakin Inna baƙi ƙirin.

Na tambayi wanda ya yi wannan aiki, ina duban yara. Jatau ya ce, "Ni na, Yaya. Na ga hitila na ci da rana tsaka, nic ce ɓanna ta."

Abin da na faɗa masa ba na takardar ta'aziyya ba ne. Na danna makunni. "Tik." Na jawo turmi na hau, duk da yanzu hannu na kaiwa daga ƙasa, don jiki ya saba. Na murɗa, na shafa, na roƙa. "Tik, tik." Kawunansa suka yi ja, jan ya daɗe, sannan ya dushe a hankali. Cok ya yi "zuuu" na ƙarshe ya yi shiru. Nan marigayi ya cika, a hannuna, ina zaginsa.

Taiba ta leƙa gidan maƙwabciyarmu Batulu ta aro 'yar fitilar aci-balbal, ta ajiye a gefen tabarmar Inna don a ci tuwo. Ni na koma bakin ƙofa na zauna ina huci. Jatau kuwa, da yake auta ne, yana da izinin abin da ni ba ni da shi. Ya zauna har gwiwarsa na taɓa tata, yana tsokanarta, wai ina zaren da ake ta labari, ko birni ya sa ta lalaci. Ya miƙa hannu bayan randa ya jawo taskirar, ya kakkaɓe ƙura, ya ɗora mata a cinya. Ta ture. Ya mayar. Don dai ya ƙyale ta, ta shafa alli, ta ja audugar, ta murza.

Gululun mazarin Inna, wato ɗan dunƙulen yumɓun da ke gindinsa, yana da zane ja da fari. Na ga ta ƙura masa ido. Ta bari ya tsaya, ta sake murzawa. Zare ya fito siriri, sumul, bai tsinke ba. Ta murza na uku.

Ta ce, "Auta, duba mani. Gululun ga juyawa shika yi?"

"Juyawa shika yi mana, Inna."

"Gaba ko baya?"

"Gaba, awa kullum."

Sai ta ajiye mazarin a cinya. Sannan ta fara ba Jatau labari, a hankali, ni ina bakin ƙofa ina ji. Ta ce tun da ta zo gidan nan, in ta murza mazari a ƙarƙashin farar fitilar, sai ta ga zanen gululun ya tsaya cik alhali yatsunta na jin yana gudu. In ta ƙara kallo sai ta ga ya fara komawa da baya. Sai ta ƙara murzawa don ta tashe shi, zaren ya sha murɗi fiye da kima ya tsinke. Da aka sauko da fitilar kusa, abin ya ƙara muni. Ta ce ita ba ta taɓa jin an ce mazari ya juya da baya ba, sai ta ɗauka irin abin da ake nuna wa wanda kwanansa ya ƙare ne, ko kuma hankalinta ne ya fara tafiya. Ta haƙura da cewa a ƙyallen kasuwa za a naɗe ta. Shi ya sa ta raba kayanta.

Jatau ya tambaye ta don me ba ta faɗa ba tun tuni.

Ta ce, "Wa ni ka hwaɗa ma? Mai gidan ga don ni yar rataya ta."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi mata magana kai tsaye. Na ce gobe da safe zan cire shi har waya har makunni, in sayo mata aci-balbal goma in tana so, in toshe tagar da hasken maƙwabta ke shigowa. Ba ta dube ni ba. Jatau ta amsa wa. Ta ce damina guda ta tafi a banza, ba ta san nawa suka rage mata ba, kuma ba za ta ƙara zama a garin da fitila ke yi wa tsohuwa ƙarya ba. Ta ce ya shirya, da safe za ta bi shi. Duk wanda ya san Inna Hindu ya san in ta faɗi magana a wannan muryar, an gama.

Da safe na ɗora buhun audugar a mota da hannuna, wannan karon ta bari. Ta sallami yara, ta sa wa Taiba albarka. Da ta sa ƙafa ɗaya a mota sai ta juyo wajen Taiba, ina tsaye kusa da ita kamar ba ni nan.

Ta ce, "Ki ce ma maigidanki, in zare ya kammala za ni aiko mashi ga motar kasuwa. Masaƙan Mahwara sun hi na Garbadu hannu. Shi za ya kai."

Don kada a ce na zalunci mamaci da zato, a ranar na ari mazari a wurin Batulu na tafi rumfar Balarabe, inda ɗan tagwayen marigayi ke rataye yana ƙifta ido. Na jira aka kawo wuta, na sa ya rufe ƙofa, na durƙusa na murza a ƙasa. Da idona na gani. Zanen ya tsaya, sannan ya fara rarrafe da baya. Na nuna wa Balarabe. Ya leƙo, ya sosa ƙeya, ya ce, "To Malam Tukur, dud haka suke, balle in sun tsuhwa. Kai ko ba ka ce mani kaɗi za a yi ba." Sannan ya tambaye ni ko ya kawo mini sabo, wai akwai wani da ya fi wancan. Mutanen tasha ne suka shiga tsakani, Allah ya saka musu.

Marigayi ya rasu ya bar cok guda, wanda har yanzu ke manne a katako, ya yi shiru karo na farko a rayuwarsa. Ya bar sitata na ƙarshe, maraya, wanda ba shi da laifi sai na zama da mugu. Ya bar tsaka biyu da suka yi ƙiba a inuwarsa, yanzu suna yawo a bango ba su san inda za su ci ba, su kaɗai ne a gidan nan ke makoki da gaske. Ya bar ƙaramin ɗan'uwansa mai jan haske a zaure, wanda bai taɓa yi wa kowa alkawarin rana ba, ya kuma ce a bayyana cewa dangantakarsu ta nesa ce. Ya bar 'yan'uwa masu yawa a shaguna da gidajen ma'aikata daga nan har Bakura, kuma ina shawartar duk mai tsohuwa a gida ya san irin baƙon da yake saukewa. Ya bar waliyyinsa Balarabe cikin ƙoshin lafiya, abin da ke ƙara mini baƙin ciki. Ya bar ɗaki guda mai sabon yaɓe, da tabarma a naɗe a jingine.

Bisa al'ada akan roƙi waɗanda mamaci ya ɓata wa su yafe masa. Taiba ta ce ta yafe tuwon da ya sa ta zubar saboda ƙwari. Yara sun yafe dukan da suka sha a kan makunni. Jatau ya aiko cewa shi bai san ma an yi masa laifi ba, kuma Inna na cin abinci, tana kaɗi kowace magariba, zaren na taruwa da sauri. Ya faɗi haka ne don in ji daɗi. Ni dai an tambaye ni, na ce a wuce wurin.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar, in Allah ya kai mu. Ba wanka, ba sutura, don maganar likkafani ba abin wasa ba ce a gidan nan yanzu. An ce farin garin da ke cikinsa dafi ne, saboda haka ba za a fasa shi a gida ba, kuma yaran da ke ta zarya suna roƙon a ba su gawar su yi wasa da ita, iyayensu su ja musu kunne. Za a ɗauke shi daga ƙofar gidana zuwa tsohon ramin da muke ɗibar marmara a bayan gari. Ni zan kwantar da shi da hannuna, in ja baya, in juye masa tifa guda. Ana gayyatar Balarabe musamman, kuma an tanadar masa wuri kusa da ramin.

Babu zaman makoki, babu sadakar uku, babu ta bakwai. Wanda duk da haka ya ga lallai sai ya zo ya yi mini gaisuwa, ya zo da rana, kowace rana ban da Talata. Ranar Talata ina tasha tun hantsi, inda motar Garbadu ke sauke 'yan kasuwa. Ina duban masu saukowa ɗaya bayan ɗaya ko zan ga tsohuwa da taskira, ina kuma roƙon Allah kada direba ya kira ni ya miƙo mini ƙunshin zare.